Man Gyaɗa a Robar Ƙofa

Ni ban taɓa tuƙa mota ba, ko keke ban iya hawa ba, amma in aka rufe ƙofar mota a waje ina tsakar gida, zan iya gaya maka ko robarta na da rai ko ta mutu. Mai rai takan ce ɗum, a hankali, kamar an kifa faifai a bakin tukunya. Wadda ta bushe kuwa sai ka ji ƙaras, ƙarfe ya sami ƙarfe, gilashi ya bi baya da kakkarwa. A gidan aure na koyi wannan, don shekara da shekaru shi nake fara ji kafin sallamar maigidana.

Motarsa tsohuwa ce tun ranar da ya saye ta. Doguwa ce mai layin kujeru uku, shuɗiya in ka yi mata kara. Da ita yake kwasar mutanen ƙauyukanmu zuwa Minjibir ranar kasuwa, wani lokaci ya shiga har birni. Wasu direbobin inji suke lallaɓawa, shi kuwa bayan inji akwai robar ƙofa, wannan baƙar robar da ta zagaye bakin ƙofa take tare ruwa da iska. Ranar Juma'a da hantsi yakan buɗe ƙofofin duka a inuwar darbejiyar ƙofar gida, ya aiko a karɓi ruwan ɗumi da guntun sabulu da tsumma. Sai ya bi ramin robar da tsinke yana fitar da yashi da ƙaiƙayi, ya wanke, ya bari ta sha iska, sannan ya bi ta da mai da ɗan yatsansa, sannu-sannu, kamar mai shafa wa jariri. Man nan fari ne mai yauƙi a 'yar kwalba, irin wanda mata ke sa wa kaushi. Baƙin mai da man birki kuwa ko kusa ba ya yarda su taɓa ta. Yakan ce abokansa na tasha suna shafa su, robar ta yi ƙyalli ta burge ido, daga baya ta kumbura ta ruɓe. Kuma ba ya barin motar a rana, ko da zai yi faɗa da masu hira a kan inuwa.

Ina yi masa tsiya in ce, "Malam, ni dai ƙafata ba ta taɓa samun irin gatan nan ba."

Ya ce, "Ƙafarki in ta tsage ta warke da kanta. Wannan in ta tsage sai birni."

To, sai shekarun wahala suka zo. Kullum rediyo na cewa a tsuke bakin aljihu, mu kuwa aljihun ma ya yage. Mai ya ɓace daga gidajen mai ya koma galan a bakin titi, 'yan kasuwa suka koma jaki da ƙafa, kayan gyara suka yi tsadar da ko tambaya sai mai ƙarfin hali. Motar ta fi kwana a gindin darbejiya fiye da kan hanya. 'Yar kwalbar nan ta ƙare, ba a sake sayo wata ba. Bazara ta bi ta kan robar ta ƙona ta, ta yi fari-fari, ta tsattsage, wani wajen ma ta ɓalle. Ina ɗaki nake jin ɗum ɗin nan yana raguwa, har ya koma ƙaras. Rumbunmu ma haka ya bi. Na sayar da tunkiyata da awarwarona, na sayar da kwallayena na jere ɗaya bayan ɗaya ta hannun dillaliya, na kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ita muke rufa wa kanmu asiri.

Duk wannan ba wanda ya sani a gidanmu, kuma abin da na fi tsoro a duniya shi ne Baba ya sani.

Baba manomi ne na gaske, mai lissafi, wanda ba ya taɓa buɗe sabon rumbu sai tsohon ya ƙare. Lokacin da maigidana ya zo neman aurena, Baba bai hana ba, amma ya faɗa wa 'yan'uwansa cewa shi hankalinsa bai kwanta da mutumin da abincinsa ke kan taya ba. Maganar ta dawo kunnen maigidana, ya riƙe ta bai taɓa saki ba. Shi ya sa ko a shekarun nan, in zan je ganin gida, sai ya san yadda ya yi na tafi da sabulu da goro. Ni kuma in aka tambaye ni sai in ce lafiya lau, sai godiya, mota na ta aiki. Ga shi ni ce 'yar fari, Baba ba ya kiran sunana, ba ya kallona ido da ido, ni ma ba na doguwar magana a gabansa. In yana da saƙo sai ya bi ta kan Goggo, ƙanwarsa da ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Goggo kuwa bakinta ba shi da murfi.

Ana tsakiyar damina Goggo ta zo da kanta. Ta ce ɗan ƙanin Baba, wanda mahaifinsa ya rasu, zai yi aure a birni, Baba ne zai karɓa masa. Ta ce, "Yayana ya ce a faɗa wa mai motar nan ko zai kai shi, ba ya son ya shiga ta haya a matse shi da kaji. Ke ma ki shirya, da ni da ke za mu wakilci matan gida."

Maigidana na durƙushe a bakin ƙofa ya ce, "Ai ko ba a aiko ba, Goggo. Mota tasa ce."

Da ta tafi sai ya zauna a kan turmi yana lissafi. Mai dai ya san inda zai samo galan biyu. Abin da ya dame shi ƙofar gaba ce, ta ɓangaren da Baba zai zauna. Robar sama ta ɓalle wajen tsawon hannu, in ana ruwa ta nan yake zubowa a cinyar fasinja. 'Yan kasuwa sun saba, buhu suke yafawa. Amma ba za ka miƙa wa surukinka buhu ba.

Sabuwar roba ba ta taso ba. Ya je wajen mai faci ya samo tsohon tiyub da ɗan sholisho, ya yanka tiyub ɗin siri-siri, ya naɗe, ya manna a inda ta ɓalle. Ya yi aikin da kyau, sai ka matso za ka gane. Saura tsohuwar robar da ta bushe kamar ƙirgi. Ya wanke ta, ya tsaya yana kallonta, ya ce in ba a ba ta mai ba, ba za ta kama ba.

Ni ce na kawo shawarar, shi kuma ya karɓa, don haka ba wanda zai ɗora wa wani. A gidanmu duk abin da ya bushe mai ake ba shi. Sabuwar ƙwarya, igiyar guga, takalmin fata, ƙafar yaro, duk mai ne maganinsu. Na ce, "Ga gindin man gyaɗa nan da nake tarawa, wanda ba ya sayuwa. Abin da ɗan Adam ke ci ai ba zai cuci roba ba."

Ya ce, "Ba baƙin mai ba ne dai."

Na ce, "Ba shi ba ne."

Ya ce, "Kawo."

Ran nan da yamma har na leƙo zaure ina riƙe masa kwanon. Robar ta shanye na farko kamar mai azumi, ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku a ƙofar Baba don ta fi kowace muhimmanci, har cikin ramin ya ɗura da tsinke. Ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi. Ya tura ƙofar, ta ce ɗum. Wallahi sai da na ji hawaye ya taho mini. Ya sake buɗewa ya rufe don in ƙara ji, muna ta dariya kamar yara.

Washegari muka isa gidanmu da hantsi. Maigidana ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida Baba, kansa a ƙasa. Baba ya fito cikin farar babbar rigarsa, ita kaɗai gare shi ta fita kunya, mai aiki a wuya, an wanke ta da bula an kai ta wajen mabugi, tana ƙara in ya motsa. Maigidana ya buɗe masa gaba, ya shiga, aka rufe. Ɗum. Na saci kallon maigidana, na ga ya ɗan ɗaga kafaɗa. Ni na zauna a bayan Baba daidai, Goggo a bayan direba, goro da tabarmi a layin ƙarshe.

Ba mu bar gonakin gero ba rana ta buɗe, irin ranar damina mai zafi bayan ruwa. Gilasai a rufe saboda taɓo. Sai wari ya fara tashi. Ni na fara ji, don hancina ya san shi, warin tsohon man gyaɗa da ya sha wuta.

Goggo ta shaƙa, ta sake shaƙa. Ta ce, "Wai wa ke suya a motar nan?"



Ta zungure ni. "Ke, ƙuli kika ɓoye a jaka? Fito da shi, ba na son rowa a hanya."

Na ce, "Babu, Goggo. Ƙila jikina ne, jiya na yi matsa."

Ta ce, "To Allah ya sa kar karnukan birni su biyo mu." Ta gyara mayafi, ba a jima ba ta fara gyangyaɗi.

Daga nan ne na ga rigar. Da aka rufe ƙofa ashe ta haɗa da gefen hannun rigar Baba, ya maƙale tun daga kafaɗa har ƙasa, yana kwance a jikin robar. Zafi ya narkar da man, yadi kuma yana sha. Ina kallo wani layi mai ruwan ƙasa ya fito, ya yi faɗi, bakinsa ya koma baƙi, don man ya kwaso baƙin tsohuwar robar ya taho da shi. Ban gama da wannan ba sai na ga layin yana motsi. Kiyashi ne, jajaye, masu cizo. Ashe tun da muka bar motar a gindin bishiya suka hau ta taya suka cika ramin robar, zafi ya koro su. Suka bi rigar a jere, suka hau kafaɗa, suka nufi wuya.

Na buɗe baki na rufe. Me zan ce? In ce Baba ga kiyashi, sai ya waiwayo, sai a tsaya, sai a buɗe ƙofa, sai a ga tiyub da sholisho da man ƙuli, a gaban maigidana. Kuma ni da ban taɓa fara yi wa Baba magana ba sai ya fara. Hannuna yana kusa da kafaɗarsa, tazarar ba ta kai taki ɗaya ba, amma ɗaga shi ya gagare ni.

Na dubi madubi, idona ya haɗu da na maigidana. Ya gani. Gumi na bin gefen hularsa, ya damƙe sitiyari da hannu biyu. Shi kuwa ya fi ni ɗauri. Mutumin da ba ya cin abinci a gaban Baba, ba ya shan ruwa a gabansa, ta yaya zai kai hannu ya kakkaɓe masa wuya?

Baba kuma yana ji. Na ga fatar wuyansa tana motsi, na ga kiyashi sun shige ƙarƙashin hula, wasu sun gangara cikin wuyan riga. Bai sosa ba. Bai juya ba. Carbinsa kawai na ji ya ƙara sauri, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai ya rage, sai ya sake ɗauka. In ya sosa, ya nuna motar surukinsa na da aibi. Haka muka tafi mu uku, kowa ya sani, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani, Goggo mai baki kuma tana ta minshari.

Muna dab da hawa kwalta hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. A zuciyata na ce to ko ba komai facin zai nuna amfaninsa. Ashe mai ya shiga ƙarƙashin sholisho ya sake shi. Ina kallo bakin tiyub ɗin ya saki, ya zamo a hankali, ya rataya a saitin kunnen Baba yana lilo. Ruwa ya biyo, ba fari ba, ruwa mai baƙin mai, ɗis-ɗis da farko, sannan ya miƙe kamar indararo a kan cinyarsa. Baba ya sa hannu ya janye carbinsa gefe don kar ya jiƙe. Abin da ya yi ke nan.

Tsawa ce ta tashi Goggo. Ta leƙa gaba, ta ware ido. Ta ce, "Innalillahi. Yaya, macijin me ke rataye a kanka? Kai direba, tsaya mana."

Baba ya ce, "Bar shi ya yi tuƙinsa. An kusa."

Muryarsa lafiya lau, kamar yana maganar farashin gero.

Da muka isa ruwa ya ɗauke. Maza sun cika rumfar ƙofar gidan, 'yan birni, shadda sai ƙyalli take. Maigidana ya zagayo da gudu ya buɗe ƙofa, tiyub ɗin ya faɗo a taɓo a gaban kowa. Baba ya fito ya miƙe. Gefen damansa tun daga kafaɗa har gwiwa baƙin zane ne, cinyar kuma jirwaye. Ya dubi rigar sau ɗaya. Sai ya tattaro hannun hagu mai tsabta ya yafo shi ta gaba, ya naɗe mai dauɗar ya tura ƙarƙashi, ya saɓa a kafaɗa, irin saɓawar da dattawa ke yi in za su yi alwala. Bai rufe duka ba, amma ya rage. Ya dubi gefen da maigidana yake, ba shi ɗin ba, gefen, ya ce, "Sannu da tuƙi. Allah ya yi albarka." Ya wuce cikin mutane.

A haka ya karɓi auren. Ina cikin gida wajen mata na ji wata tana tambaya wane ne dattijon nan da ya zo yana warin ƙuli. Goggo ta ce, "Yayana ne, attajirin gyaɗa ne, turarensa ke nan." Aka yi dariya. Ni kuwa shinkafar da aka zubo mini, wadda na daɗe ban ga irinta ba, na ture ta gefe ban ci ba.

A dawowa Baba ya sake zama a gaba, duk da Goggo ta ce ya dawo baya. Na lura idonsa ba a hanya yake ba. Ya dubi inda aka ɗaure madubi da waya, ya dubi ƙasan da aka toshe da kwali, ya ga lokacin da aka tsaya aka juye ragowar galan har ɗigon ƙarshe. Ya kai yatsa ya shafi robar, ya kai hanci. Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin gyaɗa ba sai an gaya masa ba. Ya san na sama, ya san gindin kwano.

A ƙofar gida da ya sauka ya kira Goggo gefe, amma ba nesa ba, kuma ni kunnena ba ya barin magana. Ya ce, "Yaushe yarinyar nan ta fara sayar da mai?"

Goggo ta ce, "Ni ma yau na ji."

Ya ce, "Awarwaronta fa? Ban gan su a hannunta ba."

Ni da nake zaton bai taɓa kallona ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya, na ji kukan jakuna a ƙofar gida. Damman gero ne daga tsohon rumbun Baba, a tsakiyar damina, lokacin da ba mai buɗe wa wani rumbu. Goggo ce ta rako su. A saman kayan akwai ƙunshi, na buɗe, farar rigar ce.

Goggo ta ce, "Ya ce geron na yara ne, ba na kowa ba, kar wani ya zo masa godiya. Riga kuma ya ce mai man ita ta san yadda ake fitar da shi." Ta dubi maigidana da ke durƙushe. "Kai kuma ya ce in an yi wani ɗaurin auren kai za ka kai shi. Ni dai na ce a sauke ni a tasha."

Maigidana bai ɗago ba. Da na yi tuwon geron nan ya ce ba ya jin yunwa. Washegari ma haka. Yara suna ci suna santi, shi yana zaure yana ƙirga tsakuwa. Sai da na kai masa da kaina na ajiye, na ce, "Malam, in ba ka ci ba ni ma ba zan ci ba, kuma ni ce mai goyo." Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya wanke hannu. Muka ci a kwano ɗaya ba mai kallon wani.

Robar kuwa ba ta yi tsawon rai ba. Ɓeraye suka gano ta, akuyar maƙwabta ta ƙarasa abin da suka bari, ya zamana in ya buɗe ƙofa don ta sha iska sai ya tsaya gadi da sanda. Ya wanke ta da ruwan zafi da toka har hannunsa ya saɓule, warin bai fita ba. Har aka sayar da motar fasinjoji suna kiranta mai ƙuli.

Rigar na jiƙa ta da ruwan toka, na wanke da sabulun salo, na shanya, na sake, na sake. Ruwan ƙasan ya fita, baƙin ya dushe amma ya ƙi tafiya, ya bar wani siririn layi daga kafaɗa zuwa ƙasa. Na kai ta wajen mabugi, na naɗe ta yadda layin zai shige ciki, na ba Goggo. Na ɗauka Baba zai ajiye ta a adaka.

Da sallah muka je gaisuwa, na tarar da shi a zaure cikinta, ya saɓa hannun hagu a kan na dama. Maigidana ya cire takalmi ya durƙusa. Ni na wuce ciki da sauri, na bar su suna gaisawa, kowa na kallon tabarma.